Wada Ya Kashe Mini Bagobira

Malam Wada mai dabino, kai ka kashe mini Bagobira. Kada ka ce ƙaddara, kada ka ce ba ka sani ba, kada kuma ka sake turo mini saƙon murya kana gyaran maƙoshi kamar limamin da sura ta ɓace wa. Kai ne. Jamilatu, sa sunansa a farko tare da sana'arsa, don kada wani Wada bawan Allah ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

To, 'yan uwana mata na wanga zaure namu na waya, salamu alaikum. Ku yi haƙuri sallama ta zo daga baya, ciki ne ya cika. Ni ce Hajjo ta Sabon Birni. Ban yi boko ba, ban kuma ji kunyar faɗi ba. Ina magana, maƙwabciyata Jamilatu mai ɗinki tana dannawa a waya. In kun ga zance ya karkace, dariya ce ta hana ta aiki, don tun da munka fara take ƙyaƙyatawa kamar an ce mata wasan biki na zo yi.

Bagobira ba mutum ba ce. Mussa ce, wadda ku mutanen gabas kuke ce wa kyanwa. Marigayi maigidana ya zo mini da ita daga Alkalawa tana 'yar ƙarama, da wasu baƙaƙen zane a kumatu kamar an yi mata tsagen gidanmu, shi ya sa sunan ya bi ta. Tun da ya rasu, ni da ita muke gidan nan. Ba ta sata, ba ta hawa gado, ba ta taɓa buɗe mini tukunya ba. Aikinta rumbu.

Ku da ke birni ba ku san abin da rumbu yake nufi bana ba. Ruwa ya sauko sau ɗaya, munka yi shuka, ya ɗauke. Shuka ta fito kamar gashin jariri ta ƙone a tsaye. Gulbi ya koma rairayi, yara na ƙwallo a inda da ake fito da jirgi. Abin da ya rage mini a duniya shi ne 'yan zangarniyar gero da na ware na iri, na rataye a cikin rumbu ina jiran Allah ya sake kallonmu. Ɓeraye kuwa yunwa ta koro su daga gona sun cika gari, manya-manya, marasa kunya, suna wucewa ta gabanka da rana tsaka. Duk unguwar nan an yi kuka da su. Ni kaɗai ban yi ba, don ina da Bagobira.

Sai Allah ya haɗa ni da mai so.

E, ku yi dariya, Jamilatu ma ta yi. Mace da jikoki, haƙoran gaba sun fara sallama, wai ana zuwa zance wurinta. Malam Wada matarsa ta rasu shekarun baya, yana fataucin dabino da kanwa tsakanin nan da Maraɗi. Duk Juma'a bayan la'asar sai ka ji kukan babur a ƙofar gida. Shuɗiyar riga mai aiki a wuya, hula an kafa ta gefe kamar saurayi, turare kuwa tun daga bakin titi yake sallama kafin mai shi. Ya zauna a zaure, ya ajiye ledar dabino da goro, ya ce, "Hajjo, zaman kaɗaici ba naki ba ne."

In ce, "Wa ya ce maka ni kaɗai ce?"

Ya ce, "Ai mussa ba ta gyara darni."

In ce, "Kai ma ban ga ka gyara ba."

Haka muke. Ba za ni ɓoye muku ba, raina ya ɗan fara kwanciya da shi. Ɗiyata ta fari, wadda ba ni faɗin sunanta, tana aure a Isa, ita ta saya mini wagga waya ta koya mini danna alamar magana. Tun da ta ji labari ta hana ni sakat. Kullum saƙo: "Inna, ki amsa mishi. Inna, zamanin nan mace ba ta zama gida ba namiji. Inna, mutumin kirki ne." Kamar ita za a kai.

Ranar da abin ya faru, na tafi gaisuwar mutuwa Kurawa tun da safe. Kwana ɗaya kafin nan Bagobira ta haihu a tsohon kwando ƙarƙashin rumbu. Na leƙa na gan su, jajaye-jajaye, ido a rufe, suna turereniya a cikinta. Akwai wata 'yar tsito a cikinsu, kai ya fi jiki, duk sanda ta matso nono sai 'yan uwan su ture ta. Na ce a raina in na dawo za ni duba ta. Na zuba wa uwar ruwa a kasko, na ja ƙofa na fita.

Ina dawowa da yamma, tun daga zaure na ji gidan ya yi wani irin shiru. Ga Bagobira a tsakar gida kusa da randa, ta ja jiki za ta sha ruwa ba ta kai ba. Baki duk kumfa. Na ɗaga ta, ta riga ta sandare. Na ruga kwando. 'Ya'yan da sunka sha nononta duk sun bi ta. Sai 'yar tsiton nan, wadda aka hana sha, ita kaɗai ke motsi a gefe, tana buɗe baki ba sauti.

Ina tsaye sai na lura da wasu 'yan dunƙule-dunƙule an jera su kewaye da rumbu, tsaf-tsaf kamar mai tallar ƙuli-ƙuli. Na ɗauki ɗaya na shinshina. Busasshen kifi. Ga darnin kara na bayan gida an buɗa shi, ga sawun takalmin namiji.

Waya ta yi ƙara a ƙugu. Na danna. Gyaran maƙoshi tukuna, sannan:

"Salamu alaikum Hajjo, hasken gidan Gobir. Na san kina Kurawa. Na yi miki wata 'yar hidima, ban so in faɗa ba sai kin gani da idonki. Magani na samo na ɓera daga Maraɗi, mai rubutun Faransanci, ba irin na kasuwarmu ba. Na kwaɓa shi da kifi don su ji ƙamshi. Daga yau kin huta. Ki sani akwai namiji a bayanki."

Kifi, jama'a. Kifi! Mutumin da ya zauna a zaurena Juma'a bayan Juma'a, Bagobira na goga masa jiki a ƙafa yana ture ta don kada ta ɓata masa riga. A ce wanga mutum ya rasa abin da zai kwaɓa guba da shi sai abin da mussa ke sayar da ranta a kai. Kuma ya shigo mini gida ta darni, ba sallama, ba izini, gidan da ko zaure bai taɓa wucewa ba. Wa ya aike shi? Wa ya kai masa kukan ɓera?

Na danna alamar magana na ce, "Malam Wada, ka zo ka ɗauki hidimarka, tana nan kwance kusa da randa." Ban ƙara ba, don 'yar tsiton da na ɗauko a tafin hannuna ta fi shi muhimmanci.

Sanyi ƙalau take, kamar an ciro ta daga tulu. Na yi kiwon awaki tun ina budurwa, na san ɗan da jikinsa ya yi sanyi ba a ɗura masa komai, sai ya ɗumama. Na kwance ɗaurin zane na sa ta a ƙirji, fata da fata, na mayar na ɗaure. Da ita a nan na haƙa rami bayan rumbu na rufe uwar da 'ya'yan, na tsince dunƙulen nan ɗaya bayan ɗaya na zuba a masai. Sai can na ji wani ɗan ƙaramin yaƙushi a ƙirjina. Na ce alhamdu lillahi, da sauran rai.

Na leƙa katanga. "Jamilatu! Akuyarki na da nono?"

"Inna Hajjo, wane nono? Akuyar da ke cin kwali?"

"Ko cokali ɗaya ne, tatso."

Ta tatso abin da bai rufe gindin ludayi ba. Na ɗumama shi, na murza auduga kamar lagwani, na tsoma na kai mata baki. Ba ta kama ba. Na shafa mata a leɓe, ba ta lasa ba. Ita fa ba ta taɓa sanin yadda ake tsotso ba, ba ta samu an bar ta ta koya ba. Jamilatu ta ce, "Kwantar da ita rigingine kamar jariri." Na biye mata. Ɗigo ɗaya ya shiga, sai ga shi ta hanci, 'yar abu ta shaƙe tana wani ƙiƙ-ƙiƙ, ta yi laƙwas. Na kifa ta a tafin hannu ina shafa bayanta ina salati, har ta yi atishawa.

Na ce, "Jamilatu, kin taɓa ganin mussa ta kwanta rigingine tana shan nono? A kan ciki suke sha!"

Ta ce, "To Inna, ke da kin sani mi ya sa kika bi tawa?"

Ka ji fa. Rubuta, ai ke kika faɗa.

Washegari na je kemis na bakin kasuwa na ce a ba ni sirinji ba allura. Mai kemis ya ce, "Hajiya, wa ba shi da lafiya?" Na buɗa bakin mayafi na nuna masa. Ya yi baya har ya ture kwalaben maganin tari. Da sirinjin nan munka samu hanya. In kifa ta a kan cinyata, in ɗaga kan kaɗan, in sa bakin sirinji ta gefen baki, ɗigo, in jira ta haɗiye, ɗigo. Abin da bai kai cokalin shayi ba sai ya cinye mini lokacin da za ni daka fura. Kafin in wanke sirinji in juya, ta sake buɗe baki. Dare da rana haka. Na yi goyon 'ya'ya, na yi na jikoki, wallahi babu wanda ya wahalshe ni kamar wagga da ba ta kai ɗan yatsana biyu ba.

Sai kuma cikinta ya kumbura ya yi tauri, tana ta mutsu-mutsu. Na rasa gane kanta. Ina zaune ina kallon kwandon da babu kowa, sai na tuna yadda Bagobira ke yi duk haihuwa: in sun gama sha, sai ta bi su da lasa a ciki da ƙarƙashin wutsiya. Ashe ba wanka ba ne kawai. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na dinga shafa mata a hankali. Sai ga fitsari, ɗis-ɗis, a kan zanena na zuwa biki. Ban taɓa murnar fitsari irin ta ranar ba.

Da ita nake zuwa ko'ina, don in na ajiye ta sanyi take yi. A rijiyar burtsatse muna layi, rana na dukan kai, sai ta yi ɗan kuka daga cikin zane. Matan da ke gabana sunka waiwayo. Wata ta ja ɗanta gefe. Kafin azahar magana ta zaga unguwa: tsohuwa, ba miji, ga mussa a ƙirji, ku dai ku kama 'ya'yanku. Ni Hajjo, da na yi wa rabinsu wankan jego! Wanda ya zuba guba yana can yana kafa hula, ni da ke ɗura nono ni ce abin tsoro.

Ɗiyata kuwa sai saƙo. "Inna, don Allah ki bar maganar nan. Malam Wada ya kira ni har muryarsa na rawa. Niyyarsa mai kyau ce. A kan mussa za ki kori miji?"

Na ce, "Niyya mai kyau tana kwance bayan rumbu, zo ki tono ta."

Shi kuma saƙonsa ba ya ƙarewa. Wai bai ci abinci ba. Wai in faɗi abin da zai biya. Juma'a ta zo ya yi sallama a zaure, na ce daga ciki, "Ba kowa." Ya bar dabino, na ba akuyar Jamilatu, ko banza ta ƙara nono.

Ana haka Jamilatu ta shigo jiki a sanyaye. "Inna Hajjo, maigidana ya ce ranar kasuwa zai kai akuyar. Babu harawa, babu dusa, gara a sayar tun tana tsaye."

Ban ga laifinsa ba. Amma duk unguwar nan ita kaɗai ce akuyar da ke ɗiga. Nonon shanu kuwa na gwada sau ɗaya ya sa 'yar tsito zawo har na fid da rai, kuma Fulanin ma sun yi kudu da dabbobinsu. Na dubi 'yar abu. Ido bai buɗe ba tukuna, amma ta fara riƙe bakin sirinji da 'yan hannuwanta. Ta fara son duniya, ni kuma abin ba ta ya ƙare.

To yau, yau ɗin nan da nake muku magana, bayan azahar sai ga kukan babur. Ba Juma'a ba. Na fito da niyyar in wanke shi tas, sai na gan shi ba hula, shuɗiyar riga ta yage a hannu, kumatu da wuya duk yaƙushi, jini ya bushe. A bayan babur an ɗaure buhu, buhun na tsalle yana zagi.

"Mi ke nan kuma?"

"Hajjo, uwa na kawo mata. Mai nono. Tun daga Isa."

Na ce ya shigo da shi. Ya kwance buhu da kansa a cikin ɗakina ya koma zaure, na rufe ƙofa da taga. Wata jar mussa ce ta fito, ramammiya, ido kamar garwashi, ta shige ƙarƙashin gado tana huci. Amma nono kam ga shi, har yana ɗiga.

Na san ba a miƙa wa uwa ɗan da ba nata ba haka kawai, ko tunkiya sai an yi mata dabara. Na bar ta ta huce, na ba ta ɗan tuwon da na rage. Da ta saki jiki na lulluɓe ta da zane, na matso nononta a yatsa na shafe 'yar tsito da shi tun daga kai har wutsiya, na goga ta a jikin buhun da aka kawo uwar. Sannan na ajiye ta a gabanta na ja baya. In ta ga dama, cizo ɗaya ne.

Ta shinshina. Ta yi gurnani. Ta kau da kai. 'Yar abu ta ja ciki ta nufe ta, tana wanga ɗan kuka nata. Uwar ta sake shinshinawa, ta daɗe. Sai ta fito da harshe ta lashe ta, har ta kifar da ita.

Na matsa a hankali na kai bakinta kan nono, na ɗan matsa ya ɗigo mata a harshe. Ta saki. Na mayar. Ta saki. Na ce, "Ke, don Allah, kada ki ba ni kunya gaban baƙuwa." Na mayar. Sai na ga 'yan kunnuwan nan sun fara rawa, hannuwa na taka cikin uwar. Ta kama! Jamilatu na leƙe ta kafar taga ta rangaɗa guɗa, na ce ta rufe mana baki. Ni kuwa hawaye, ban san sanda sunka zubo ba.

Daga zaure Malam Wada ya ce, "Hajjo, ta sha?"

Na ce, "Ta sha."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To maganarmu fa?"

Wallahi saura kaɗan in ce masa ya turo manyansa. Bakina ya buɗe. Sai jar nan ta miƙe, 'yar tsito na reto a cikinta, ta nufi ƙofa tana yaƙushi, tana wani kira mai tsawo da duk wadda ta taɓa haihuwa ta san shi. Na duba cikinta da kyau. Ba nono ɗaya aka sha ba. Duk an tsotse su, gashin gefensu ya kwanta.

Na fito zaure. "Malam Wada, ina 'ya'yanta?"

Ya sosa ƙeya. "Suna can."

"Can ina?"

"A ɗakin girkin surukar ɗiyarki. Ita ɗiyar taki ta nuna mini. Ai ke uwa kike buƙata, ban ga amfanin kwaso tarkace ba."

"Idonsu ya buɗe?"

"Ban duba ba."

Jama'a, ku taya ni ji. Don ya gyara marainiya ɗaya, ya je ya mayar da cikin kwando guda marayu. Kuma da hannun ɗiyar cikina. Na danna mata saƙo, ta amsa tana dariya, wai "Inna, ai na ɗauka za ki ji daɗi." Ita ko sirinji ba ta taɓa riƙewa ba, surukarta kuwa ba ta ma san an ɗauke mata mussa ba.

Na ce ya hau babur ya koma yanzu. Ya dubi rana ya dube ni. La'asar ta wuce, kuma duk mun san ba mai bin hanyar Isa da yamma saboda mutanen daji. Ko ina cikin fushi ba za ni tura ɗan mutane ga halaka ba. Ke nan waɗancan za su kwana ba uwa. Jar mussar kuma tana nan tana haƙar ƙasan ƙofata, in ta samu kafa ɗaya ta tafi neman nata, tawa ta koma sirinjin da babu abin zuba masa.

Na aika wa ɗiyata yadda za ta yi: ta sa 'ya'yan mussar a jikinta, ta nemi nonon akuya ko na roƙo ne, a kan ciki ba rigingine ba, ta shafa musu tsumma mai ɗumi. Na ce in ɗaya ya mutu a hannunta kada ta ƙara ce mini Inna.

Kai kuma Malam Wada, na san ana karanta maka abin da ake sawa a wanga zaure, don haka buɗe kunne. Gobe hantsi na ɗagawa ina son ganin kwandon 'ya'yan nan a ƙofata, a rufe da zane, kowane ɗa na numfashi, da izinin mai su. Daga nan ba zaurena za ka zauna ba. Gaban mai unguwa za mu, da rigarka yagaggiya, ka faɗa wa dattawa da bakinka wanda ya ba ka izinin buɗa darnin matar da ba taka ba, da wanda ya ce ka raba uwa da 'ya'yanta. Ba dabino nake so ba, ba haƙuri nake so ba. Amsa nake so, kuma a gaban mutane.